Hukuncin Hirar Dare da Raka Abokai Mashaya: Amsa ga Wani Ɗalibi a Tawa

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, daga wani ƙauye na yankin Buza na fito. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya na haya. In zafi ya shigo ɗakin ba ya zaunuwa, balle in an ɗauke wuta, sai mu fita fada, wato majalisar samari, mu ɗora shayi, a yi hira, a buga karta, wata rana mu tafi kallon ƙwallon Turai. Ranar da kuɗin tallafin karatu ya fito kuwa, abokaina kan ja ni mashaya inda ake kiɗa da rawa. Ban taɓa kurɓar giya ba, lemo nake sha in raka su. Wani ɗan'uwa ya ce mini duk hira bayan Lisha haramun ce. Abokaina kuma suka ce tun da ba na sha, ba ni da laifi. Wa ke da gaskiya?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Ɗan'uwan naka ya tsananta inda shari'a ta sassauta, abokanka kuma sun sassauta inda ta tsananta. Fitar dare ba ta da hukunci guda. Ana duba inda aka je, da abin da aka yi a can, da abin da fitar ta janyo wa sallar Asuba.

Abin da ɗan'uwanka ya riƙe shi ne hadisin Abu Barza al-Aslami da ke cikin Buhari da Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta. Hadisi ne ingantacce, amma malamai sun ɗauke shi a kan karhanci, suka kuma faɗi dalili: gudun kada hira ta cinye dare, mutum ya rasa Asuba ko tsayuwar dare. Shi kansa Imamu Buhari ya buɗe babi a kan hirar dare don ilimi, da wani babin a kan hira da baƙo da iyali. Tirmizi kuma ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa Annabi (SAW) yakan yi hirar dare da Abubakar a kan lamarin Musulmi, shi Umar yana tare da su. To ɗalibai huɗu da zafin Afrilu ya koro daga ɗakin kwano, suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida suna bitar darasi, ko suna ɗebe wa juna kewar gida, ban ga wanda zai ce sun aikata haramun ba. Wanda bai taɓa kwana a irin wannan ɗaki a bazarar Adar, wato yankin Tawa, ba, ya rage saurin yanke wa yara hukunci.

Sai dai fada a bakin hanya take, hanya kuwa tana da haƙƙi. A hadisin Abu Sa'id al-Khudri, Annabi (SAW) ya gargaɗi sahabbai game da zaman bakin hanya. Suka ce ba su da makawa, nan ne majalisarsu. Bai tashe su ba, ya ce to su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Ka auna fadarku da wannan ma'auni. Idan yarinya ta fito sayen maganin sauro a shagon unguwa, ta hango ku ta sake hanya don gudun idanunku da bakinku, fadarku ta ci haƙƙin hanya. Idan dattijon da katangarsa kuke jingina da ita ya kasa barci saboda shewa da ƙarar kiɗan salula har ƙarfe ɗaya, kun shiga hadisin da ke cikin Muslim cewa wanda maƙwabcinsa bai tsira daga sharrinsa ba, ba zai shiga Aljanna ba. Kuma ka lura da abin da ke biyo bayan kofin shayi na biyu, lokacin da labarin makaranta ya ƙare aka koma kan wance da wane. Nan giba take shigowa.

Karta in da kuɗi a ciki, ko da dala biyar ce, ko sharaɗin wanda aka ci shi zai sayi sukari, caca ce, haramun. In babu kuɗi malamai sun saɓa, barinta ya fi. Kallon ƙwallo a kansa ban haramta maka ba, muddin ka yi Isha'i a kan lokaci, don wasannin nan sukan fara ƙarfe 8 ko 9. Abin da na haramta ba tare da shakka ba shi ne zuba kuɗi a waya a kan wa zai ci wasa. Maisir ne, wato cacar da Allah ya ambata tare da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90, ya ce ƙazanta ce daga aikin Shaiɗan, ku nisance ta. Haka ƙwayar taramol da wasu ke jefawa cikin shayi da sunan ƙarfin karatu: duk abin da ke gusar da hankali hukuncinsa hukuncin giya ne a wajen haramci.

Yanzu maganar mashaya, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Haramun ne ka zauna a can, ko ruwan sanyi kake sha. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagaya giya a kansa. Hadisin bai tsaya ga mai sha ba, zaman ya hana. Ayar Ma'ida ma umarnin nisanta ta yi, nisanta kuwa ta fi barin sha faɗi. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani a cikin Risala, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, ya ce ka amsa gayyatar walimar aure matuƙar babu bayyanannen munkari a wurin. Walima ke nan, wadda aka umarce ka da amsawa. Ina ga wurin da aka gina shi don munkarin, babu kuma wanda ya wajabta maka zuwa?

Mazhabar Malik tana da ƙa'idar toshe hanyar ɓarna, saddu zari'a, kuma a irin wannan wuri ake ganin hikimarta. Masu sha da yawa da lemo suka fara. Kana zaune, kwalba na wucewa ta gabanka, warin da ya dame ka daren farko ya daina damunka, mata na shiga suna fita, ana yi maka dariya ana kiranka ustazu. Zuciya ba dutse ba ce. Ko da ka tsira, zamanka ya zama hujja ga abokanka: ga mai salla ma yana zuwa. Kuɗin lemonka kuma cikin aljihun mai mashaya yake shiga. Ka tuna daga ina kuɗin ya fito. Ɗaliban Adar da yawa, abin da ake turo musu gumin yaya ne ko uba da ke ci-rani a Abijan, yana yawon talla a rana don ƙanensa ko ɗansa ya yi karatu.

Ba na ce ka yanke hulɗa da su ba. Ka gaya musu sau ɗaya, a fili, ba da faɗa ba: ina tare da ku a fada da aji, amma can ban zuwa. Wanda ya ƙi ka don wannan, da ma ba abokinka ba ne. Kuma ka cika gurbin daren da wani abu, don zaman banza shi ke mayar da mutum inda ya baro. Akwai karatun tsakanin Magariba da Lisha a masallatai, akwai bita tare da 'yan ajinku. A nan ina da magana da mu manya ma: mun iya tsine wa fada a wa'azi, amma kaɗan ne cikinmu suka buɗe zaurensu ga ɗaliban da suka zo garin nan baƙi, ba uwa ba uba.

Ɗalibai mata da za su karanta wannan, hukuncin wuri da na aiki ɗaya ne a kanku da maza. Ƙari shi ne keɓewa da namijin da ba muharrami ba, a ɗaki ko a lungu, haramun ce da nassin hadisin Ibn Abbas. Mai son ki da aure ya nemi waliyyinki, ya zo zance inda idon mutane yake.

Sai Asuba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar bai ga Sulaiman ɗan Abu Hasma a sallar Asuba ba. Da ya bi ta wurin Shifa'u mahaifiyar Sulaiman ya tambaya, ta ce ya kwana yana salla ne barci ya rinjaye shi. Umar ya ce halartar Asuba cikin jam'i ya fi soyuwa gare shi a kan tsayuwar dare guda. Wanda nafila ta hana shi jam'i ke nan, ina ga wanda shayi da ƙwallo suka hana? Na san a littattafan mazhabarmu akwai maganar cewa wanda ya kwanta kafin shigar lokaci ba shi da zunubi in barci ya ɗauke shi. Wannan sauƙi ne ga wanda abin ya faɗa wa, kada ka mayar da shi hujjar yin Asuba da hantsi kullum. Kiran salla wajen ƙarfe 5 ne, kai ka san awa nawa jikinka ke bukata, sai ka ƙirga baya ka san lokacin tashinka daga fada. Ranar da ka makara, ka yi sallar da zarar ka farka, kafin shayi, kafin shirin aji. Zaman da ka riga ka yi a mashaya kuwa ba shi da wata kaffara ta dukiya ko azumi, tuba ce: ka yi nadama, ka nemi gafara, ka ƙudurta ba za ka koma ba.

Wallahu a'alam.