Ina Sana'ar Gilashin Babur a Gida, Amma Ba Na Ganin Riba

Tambaya: Ina yanka roba a gida, in lanƙwasa ta da zafi, in yi wa babura gilashin gaba mai tare iska. Fallen roba na naira 60,000 yana ba ni guda 15, ina sayar da kowane 8,000. A lissafina riba ninki ce, amma wata zai ƙare ba ko sisi a hannuna. Ina so in ci bashi in sayo falle 10 in cika kasuwa.
Wani matashi daga Kano

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ci bashin nan. Ka ce falle yana ba ka 15, amma ba ka gaya mini guda nawa ke isa hannun mai saye ba. Na tabbata kai ma ba ka sani ba, domin ba ka rubutawa. Matsalarka ke nan.

Duk mai wannan aiki ya san robar Perspex, wadda ake yin wannan gilashi da ita, takan tsage wajen huda ramin noti. In zafi ya yi yawa ta yi ƙuraje, in bai isa ba ta karye a lanƙwasa. Mu ce 5 sun lalace. Sauran 10 kowane ya tsaya maka a 6,000, ba 4,000 ba. Ɗora ƙarfen riƙewa, ladan mai walda, noti, gas da kuɗin zuwa kasuwa, mu ce 1,500. Saura 500. Ranar da wani ya dawo da nasa ya tsage ka sauya masa kyauta, ribar guda goma sha biyar ta tafi. To, wannan za ka ninka sau 10 da kuɗin mutane?

Na san wani mai walda a Zariya da ya bi wannan hanya. Hannunsa na da kyau ƙwarai. Tarkacen da suka lalace yakan tura su bayan shago, bai taɓa ƙirga su ba. Ya karɓi kuɗin adashi ya sayo kaya da yawa, lokacin biya ya zo, sai injin waldarsa ya sayar. Har yau abin na damuna, domin ba sana'ar ce ta kayar da shi ba.

Maganar cika kasuwa kuwa, ka ajiye ta. Na kamfani da ake shigowa da su daga Sin ta Legas da Nnewi ba za ka iya karya musu farashi ba. Kuma tun 2013 aka hana acaɓa a Kano, saboda haka ba 'yan haya ne kasuwarka ba. Naka shi ne mai babur na kansa da ke doguwar tafiya, wanda bai samu daidai da tsayinsa ko samfurin babur ɗinsa a shago ba. Irin wannan a auna masa, ya ba da rabin kuɗi kafin ka sa zarto, kuma farashinsa ya fi na shago.

Ka sayi littafi yau. Falle biyu masu zuwa, rubuta kowane yanki: wanda ya fita, wanda ya lalace, da abin da ya lalata shi. In yawancinsu a wajen huda suke tsagewa, ka faɗaɗa ramin kaɗan, ka matsar da shi daga baki, ka sa wa notin roba. Ka kuma tambayi farashin wata irin roba da ake kira folikabonet. Ya fi tsada, ƙurar hunturu na saurin karce shi, amma ba ya fashewa da kaifi kamar Perspex, kuma abin da kake ƙerawa a gaban ƙirjin mutum yake zama. In ka cika shafukan falle biyun, turo mini su mu duba batun bashi.