Tambayoyinku Kan Girki: Taliyata Na Caɓewa, Kayan Lambun Na Yin Lugub

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da aiki. Ina son dafa taliya da kayan lambu zalla, ba nama ba kifi, amma duk sanda na gwada sai taliyar ta caɓe ta manne, karas da koren wake kuma su yi lugub, launinsu ya dusashe. Ina zuba mai a ruwan dafuwar, idan ta dahu kuma in ɗauraye ta da ruwan sanyi. Don Allah ina kuskuren yake? Daga ƙanwarki, wata biyar da aure.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa albarka a auren. Abu biyun nan da kike yi don gyara, su nake so ki fara bari. Mai ba ya gauraya da ruwa, a sama yake yawo, taliyar kuwa tana can ƙasa. Ɗaurayar ta fi damuna, domin tana wanke sitacin da ke jikin taliya, kuma shi ne ke sa haɗin kayan lambu ya kama jikinta. Ni ma na daɗe ina ɗaurayewa, tun da na bari kuwa ban sake komawa ba.

Abin da ke hana mannewa ruwa ne wadatacce da juyawa. Ki sa wajen lita 1 ga kowane giram 100 na taliya, da gishiri giram 10, kusan ƙaramin cokali biyu ke nan. Sai ruwan ya tafasa sosai za ki zuba, ki yi ta juyawa a minti 2 na farko, lokacin da sitaci ke fita.

Kayan lambu kuma ba tare ake zuba su ba, don ba tare suke nuna ba. Ki samu kasko mai faɗi, ki sa mai cokali uku, ki soya albasa har ta yi laushi. Karas ya biyo baya, yankan siriri, minti 4. Tafarnuwa rabin minti ya ishe ta, idan ta ƙone ɗacinta ba ya gyaruwa. Sai tumatir huɗu yankakku da ɗan gishiri, ki bar su har ruwansu ya ja, sannan tattasai da kabeji. Koren wake kuwa kada ki haɗa shi da tumatir tun farko: tsami da doguwar dafuwa ne ke kashe masa kore. Ni a tukunyar taliyar nake jefa shi, saura minti 3 in sauke.

To, ga inda nake so ki natsu. Ki duba lokacin da aka rubuta a jikin ledar, ki sauke taliyar saura minti 2. Ki gutsiri ɗaya, za ki ga ɗan ɗigon fari a tsakiya. Kafin ki tace, ki ɗebi kofi ɗaya na ruwan dafuwar ki ajiye, ruwan nan mai gurɓi-gurɓi da ake zubarwa. Ki juye taliya da waken cikin kaskon, ki zuba rabin kofin, ki ƙara wuta kina juyawa. A nan za ta ƙarasa nuna, tana shan ɗanɗanon tumatir da albasa, ruwan sitacin kuma ya haɗu da mai ya yi kauri ya lulluɓe kowane sili. Idan kin ga ta bushe, ƙara ruwan kaɗan-kaɗan. In kina da alayyafo, yanzu ne lokacinsa, minti ɗaya ya laushe.

Ki kashe wuta, ki barbaɗa masoro, ki ɗan matsa lemun tsami, ki ɗanɗana gishiri. Kada ki rufe ki bar ta a kasko, zafin da ya rage zai ci gaba da dafa ta. Ki tabbata mutanen gida sun zauna kafin ki zuba taliya a ruwa, minti 10 ne tsakaninta da faranti.