Tambaya da Amsa: Allo ya ƙi tashi bayan an sabunta Linux

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna haɗa na'urori da ƙananan allunan kwamfuta masu eMMC (ma'ajin bayanai da ke manne a jikin allo) da ramin katin SD. Tun da muka ɗaga kernel, wato zuciyar Linux, daga 4.4 zuwa 5.10, allon sai ya cije yana jiran /dev/mmcblk0p2, sashen ma'ajin da yake tashi daga kansa. Ga wasu na'urorin can a hannun kwastomomi. Ina mafita? Mai karatu daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allonka lafiya lau, lambar ma'ajin ce ta sauya. Kafin kernel 4.6, ma'ajin da aka fara ganowa shi ke karɓar mmcblk0, shi ya sa eMMC ke samun sifiri in babu kati a rami. Daga 4.6 lambar ta koma bin kontirola, wato ɓangaren allo da ke sarrafa ma'ajin. A 5.10 kuma kontirolocin suna tashi lokaci guda, yau wannan ya riga, gobe wancan.

Sa'ar da aka yi, 5.10 ɗin ce ta kawo magani. A device tree, fayil ɗin da ke bayyana wa kernel kayan da ke kan allo, ƙarƙashin aliases, ka ɗaure mmc0 ga kontirolan eMMC, mmc1 ga na katin SD. Ka ba kowane kontirola lamba, har da na WiFi in ta SDIO yake, wato ta irin kontirolan katin SD. Da haka tsofaffin na'urori za su tarar da lambar da suka saba.

Sababbi kuwa, a daina kiran ma'ajinsu da lamba. Ka duba PARTUUID, wato shaidar kowane sashe na ma'aji, da umarnin blkid, ka sa root=PARTUUID= a bootargs, saitunan da ake miƙa wa kernel yayin tashi. Kada ka sa UUID= (shaidar tsarin fayilolin da ke cikin sashen) a nan, kernel ba ya gane shi sai da initramfs, ƙaramin tsarin wucin gadi na lokacin tashi; wurinsa fstab ne, fayil ɗin jerin ma'ajan da ake haɗawa. A nan ake yawan zamewa: in da umarnin dd ka kwafe kati zuwa eMMC, PARTUUID ɗinsu ya zama ɗaya, kernel na iya ɗaukar wanda ba shi ba. Ka sauya shi da sgdisk -G in tsarin rabon ma'ajin GPT ne, ka bi da tune2fs -U random don sauya UUID.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne script ɗin sabuntawa mai rubutu kai tsaye kan /dev/mmcblk1, don zai iya shafe ma'ajin da ba shi aka nufa ba. Ka bincika shi tare da fw_env.config, fayil ɗin da ke nuna inda saitunan U-Boot (manhajar da ke tada kernel) suke, tunda mmcblk0boot0, sashen tashi na eMMC, ba shi da PARTUUID, da lamba ake kiran sa. U-Boot ma lissafinsa daban, ka daidaita nasa aliases ɗin. Kafin ka tura wa kwastoma, ka kunna allon sau da yawa, da kati a ciki da kuma babu.