Kafin ka ce wannan shi ne wancan

Ɗana, tambayarka ta jiya ta kwana a raina. Ka ce: "Maigida, ontoloji biyu ne a gabanmu, na masu bin farashi a kasuwannin Tawa da na ma'aikatan noma na Yamai. Kwamfuta ta riga ta ware mana sunayen da suka yi kama. Me zai hana in zuba su tukunya ɗaya, in sa alamar daidai a tsakani, mu huta?" Na ce maka bari sai mun zauna. To, ga amsar.

Ontoloji dai tsari ne da wasu mutane suka yarda da shi wajen rarrabe kayan sana'arsu: me ke akwai, me ke ƙarƙashin me, me ba ya taɓa zama me. Kowanne da masu shi, kuma gobe za su taɓa abinsu ba tare da sun yi maka sallama ba. In ka narkar da biyun, ranar da mutanen Yamai suka sake fasali sai ka warware saƙar tun daga bakin zare. Saboda haka muke barin kowa a gidansa, mu gina abu na uku a tsakani, wato jadawalin daidaitawa. Kowane layi a cikinsa yana ɗauke da abu huɗu: kalmar hagu, kalmar dama, irin dangantakarsu, da ƙarfin amincewarmu, daga 0 zuwa 1. Ni ina ƙara wanda ya rubuta layin, da ranar, da dalili, da bugun ontolojin da ya duba. Tsarin SSSOM, wato ƙa'idar rubuta irin wannan jadawali, shi ma ya tanadi gurabe don irin waɗannan bayanai.

Buɗe jadawalinka ka dubi layi na bakwai da na goma sha biyu. A na bakwai ka ce hatsi daidai yake da mil na Faransanci, wato gero. A na goma sha biyu ka ce hatsi daidai yake da céréale, kalmar Faransanci da ta haɗa gero da dawa da masara da ire-irensu. Ban ga laifinka ba, don duka biyun ka ji su a bakin Hausawa. A nan Adar, in mace ta aiki yaro ya auno hatsi, gero zai kawo mata. A Kano kuwa hatsi ya haɗa gero da dawa da masara. Amma injin da ke bin hujja a OWL, harshen da ake rubuta ontoloji da shi, bai san Adar ba, bai san Kano ba. Zai ce: tunda hatsi shi ne mil, kuma hatsi shi ne céréale, ashe mil da céréale abu ɗaya ne. Dawa tana ƙarƙashin céréale, ke nan dawa gero ce. Su kuma mutanen Yamai sun rubuta a nasu cewa dawa ba ta taɓa zama gero. Sai injin ya yanke cewa ajin dawa wofi ne, ba abin da zai iya shiga cikinsa. Kowane ontoloji lafiyarsa lau shi kaɗai, layukanka biyu ne suka kashe dawa.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, dangantaka ba iri ɗaya ba ce. SKOS, tsarin rubuta ƙamusoshi don kwamfuta wanda W3C, hukumar tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta tabbatar a 2009, ya ba mu biyar: daidai-wa-daida, makusanci, wanda ya fi faɗi, wanda ya fi ƙunci, da dangi kawai. Na farkon yana yaɗuwa: in Alif daidai yake da Ba, Ba kuma daidai da Jim, to Alif ya zama Jim ko ba ka rubuta ba. Makusanci kuwa da gangan aka hana shi yaɗuwa, don kada ƙaramin kuskure ya yi ta haihuwa daga ƙamus zuwa ƙamus. AGROVOC, ƙamus ɗin noma na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da irin waɗannan yake ɗaure kansa da sauran ƙamusoshi. Maiwa fa? Gero ce mai daɗewa a gona, don haka mil ya fi ta faɗi. Haka za ka rubuta.

Wanda na fi tsoro shi ne sameAs na harshen OWL, mai cewa abu biyu ainihin abu guda ne, duk abin da aka faɗa kan wannan ya hau kan wancan. Ya taɓa ƙona ni. Wata ƙungiya ta ba ni lissafin amfanin gona na shekaru da yawa, na ga Ƙonni a tsohon tsari, na ga Ƙonni a sabo, na ɗaure su. Na manta cewa a 2011 an ƙara yawan gundumomin Nijar daga 36 zuwa 63, aka cire Malbaza daga Ƙonni ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Sai jadawali ya nuna kamar noman Ƙonni ya rushe a shekara guda. Wani dattijon malamin gona ne ya ɗora yatsa a kan takardar ya ce, "Wannan ba fari ba ne, iyaka ce aka ja." Kwana uku na yi ina kwance abin da na ɗaure cikin minti ɗaya.

Kada ka raina kwamfuta. Tun 2004 ake gwada injinan daidaitawa kowace shekara a gasar OAEI, kuma suna rage wahala ƙwarai. Ka ɗauki abin da ta ba ka a matsayin shawara, ka sa masa alamar cewa inji ne ya kawo, har sai mutum ya duba.

Akwai kuma layukan da kalma ɗaya ba ta isa. Masu kasuwa suna rubuta farashin tiya, na Yamai suna rubuta na kilo. Tiyar gero takan kai kilo biyu da rabi, amma ta danganta da kasuwa da hannun ma'auni. Irin wannan sai an rubuta ƙa'idar juyawa, shi ne aikin harshe irin EDOAL, kuma a faɗi kasuwar da aka auna.

Gobe da safe ka goge layi na goma sha biyu. Sannan ka ɗauki babur ka je wurin wanda ya gina tsarin ƴan kasuwa, ka tambaye shi ko ya taɓa rubuta farashin dawa a ƙarƙashin hatsi. Abin da ya faɗa maka, shi za ka sa a gurbin dalili, da kwanan wata.