Amsa kan amfani da bindigar paintball ko airsoft a wasan ma'aurata

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a iya amfani da bindigar paintball (ta wasa, mai harba ƙwayar fenti) ko ta airsoft (ta wasa, mai harba ƙwayar roba) a wasan da kai da uwargida kuka yarda da shi a tsakaninku, wanda ake neman ɗan zafi a jiki ba rauni ba, kuma ka ce kana ganin airsoft ta fi sauƙi tunda ƙwayarta ƙarama ce. Na daɗe ina alƙalancin wasa a filin paintball, kuma a kan abin da na gani a can zan ba ka amsa.

Zatonka game da airsoft yana buƙatar gyara. Ƙwayar paintball da aka saba da ita faɗinta kusan milimita 17 ne, nauyinta wajen giram 3, kuma galibin filaye ba sa yarda gudunta ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa. Ƙarfinta ya ninka na airsoft kusan sau goma, amma tana fashewa idan ta daki jiki, sai ƙarfin ya bazu. Ƙwayar airsoft kuwa roba ce mai tauri ta milimita 6 wadda ba ta fashewa, duk ƙarfinta yana taruwa a wuri ɗaya, shi ya sa idan aka harba ta daga kusa take huda fata, wani lokaci ta maƙale sai an ciro ta a asibiti, tana kuma karya haƙori. A kan fatar da ba sutura, ban ba ka shawarar airsoft ba ko kaɗan. Idan lallai sai kun yi, ku nemi ƙaramar paintball mai lamba .50, wato mai ƙwayar da faɗinta rabin inci ne, wadda ke aiki da sifirin, domin gudunta bai kai rabin na babbar ba.

Maganar ido ba ta da rangwame. Dukanku biyu, har da mai harbin, ku sa cikakken abin rufe fuska na paintball mai shaidar inganci ta ASTM F1776, domin a cikin ɗaki ƙwaya takan daki bango ko tayil ta dawo. Tabarau na kasuwa ba ya tare komai. Raunukan da suka fi tayar mini da hankali a fili duk sun faru ne a daidai lokacin da wani ya ɗaga abin rufe fuskarsa don goge gumi, yana zaton an tsaya. Haka kuma cire gidan ƙwaya ba ya nufin bindiga ta zama fanko, sau da yawa guda ɗaya takan rage a ciki.

Ku bar tazarar da ba ta gaza mita 6 ba, kuma mai harbi ya fara gwadawa a cinyarsa daga wannan nisan kafin ya nuna wa kowa. Wurin da ke iya ɗauka shi ne mazaunai da gefen cinya ta waje. Wuya, maƙogwaro, ƙirji, kashin baya, saitin ƙoda, al'aura, gaɓoɓi da yatsu duk a bar su. Ku lura cewa bindiga mai aiki da iskar CO2 tana ƙara gudu idan ta ɗauki zafi, don haka wadda ta wuni a cikin mota a watan Afrilu ba ita ce wadda kuka gwada da safe ba, kuma tsohuwar ƙwaya takan taurare ta ƙi fashewa.

Ku tsayar da kalmar dakatarwa, da alamar hannu saboda murya ba ta fita sosai a cikin abin rufe fuska. Kada a ɗaure wanda ake harbi, kada kowa ya sha abin da ke gusar da hankali, kuma a riƙa harbi ɗaya-ɗaya ana duba wurin. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko aspirin, da mai ciwon suga, da mace mai ciki, su haƙura. Mai fatar da kan yi tabo mai tudu, wanda ya yawaita a baƙar fata, ya san cewa huda ɗaya na iya barin shaidar da ba ta gogewa.

Kwanciyar jini mai zagaye takan washe cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma ƙanƙara a cikin tsumma tana rage kumburi. Amma idan ido ya samu bugu, ko fitsari ya fito da jini, ko kumburi ya ci gaba da girma, a tafi asibiti nan take, kada a murza idon, kuma a faɗa wa likita ainihin abin da ya daki wurin.