Tambaya da Amsa: Zan iya buga sulke da kwalkwali da firintar 3D?

Tambaya: Salam Malam, ina da ƙaramar firintar 3D (na'urar da ke ƙera abu da narkakkiyar roba, layi bisa layi), ina so in haɗa kwalkwali da sulken ƙirji daidai jikina irin na mayaƙan da, don wasan kwaikwayo. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Fagge.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Fara zuwa Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, ka kalli kayan yaƙi na gaske da idonka, sannan ka auna kanka da ƙirjinka da tef ɗin tela. Ƙananan firintoci irin su Ender 3 faɗin abin da suke iya bugawa santimita 22 ne kawai, dole ka yanka kwalkwalin gida-gida a kwamfuta ka manne daga baya.

Maganar roba kuma, don Allah ka guji wadda ake kira PLA, tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma ka san ranar Kano a watan Afrilu, ka bar kwalkwalin cikin mota da azahar wallahi sai ka tarar ya lanƙwashe. Robar PETG ta fi juriya, tana kai wajen 80. Ka tanadi inbata ko sola ma, bugu ɗaya kan ci yini guda, in aka ɗauke wuta a tsakiya aiki na iya lalacewa.

Ƙananan ado masu maimaituwa kar ka wahalar da firinta, buga ɗaya mai kyau, goge shi da sanfefa sosai, ka yi masa mazubi da silikon (wata roba mai laushi) sai ka riƙa zuba resin (ruwan roba mai daskarewa) kana cirewa. Amma a tsakar gida za ka yi, da safar hannu da takunkumi, warin resin na cutar da ƙirji. Layin bugun kuma filar masu gyaran jikin mota tana rufe shi kafin fenti.