Shekara uku ina turo kuɗi daga Jidda, ko fili ban mallaka ba

Assalamu alaikum Gwaggo,

Ni bazawara ce 'yar Kano, ina aikatau a wani gida a Jidda tun 2022. Albashina riyal 1,000 ne. Duk wata nakan tura 800 hannun yayanmu: maganin hawan jinin Inna, kuɗin makarantar 'ya'yana biyu, ragowar a tara mini a sayi fili. Kwanan baya na ce ya turo mini hoton takardar filin, sai ya ce kuɗin sun shige hidimar gida da bikin ƙanwarmu. Da na yi magana, Inna ta ce kar in raba mata kan 'ya'ya. Saura shekara ɗaya kwantiragina ya ƙare. Idan na rage abin da nake turawa, na saɓa wa mahaifiyata?

Mai neman shawara, Jidda

Wa alaikumus salam 'yata,

Wasiƙarki ta sosa mini rai, don na san tsayuwar da ake sha a gidajen nan kafin riyal ɗaya ya shigo hannu.

Ba ki saɓa ba. Ci da maganin Inna kada ki taɓa su ko da wasa. Yaran kuwa, a shari'a ciyar da su da karatunsu yana wuyan ubansu ne, ki sa manya su tuna masa. Biki da hidimar yayanki kyautatawa ce, in da hali. Shi amana kika ba shi, bai riƙe ba.

Mutanen gida da canji suke lissafi. Tun da naira ta faɗi a 2023, kuɗinki suka yi musu girma a ido, sun manta buhun shinkafa ma ya bi canjin ya tashi, ke kuma albashinki yana nan inda yake.

Ki buɗe wa Inna asusu da sunanta, ki yanka mata abin da zai riƙa shiga duk wata. Kuɗin makaranta ki tura asusun makarantar kai tsaye, a aiko miki da rasit ta WhatsApp. Ragowar ki ajiye a riyal, tunda shi a ɗaure yake da dala. Fili kuma ya jira ki dawo, ki taka shi da ƙafarki, a rubuta takarda gaban mai unguwa da shaidu.

Kafin komai, ki kira Inna ita kaɗai, cikin ladabi, ki tambaye ta inda za ki zauna da yaran nan ranar da kika sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Maganar yayanki kuma ki bar wa kawunku.

Gwaggonki